Shin Tone Nakiyoyi Ne Ke Cinye Kurmi?

Wani ɗalibi mai karatun ilimin gandun daji ya aiko mini da tambaya. Ya ce malaminsu ya gaya musu a aji cewa a ƙasashen da suka sha yaƙi, irin su Kambodiya da Kolombiya da Angola, nakiyoyin da aka binne a ƙasa ne suka tsare kurmi shekara da shekaru, kuma da zarar an tone su sai 'yan katako da manoma su yi wa dajin ca. "To Malam," in ji shi, "ashe ke nan aikinku ɓarna yake yi wa daji? Me zai hana a cire na cikin gari da na gonaki, a bar na cikin kurmi su ci gaba da gadi?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Tambayar nan mai nauyi ce, mu kanmu da muka daɗe a wannan aiki na tone nakiyoyi mun sha zama muna gardama a kanta bayan an tashi daga fili. Ni aikina ya fi karkata ga binciken da ake yi kafin a fara tono, da kuma komawa wurin bayan shekara ɗaya ko biyu don a ga abin da filin ya zama. Saboda haka abin da malaminku yake nufi na gan shi da idona: wurin da ka bari da duhuwar itatuwa, ka dawo ka tarar da rogo iyakar ganinka. Ba zan ƙaryata shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da aka ɗora a kan wannan gani. Zan bi da kai ta Kambodiya, domin a can ne maganar ta fi fitowa fili.

Ka fara duba yadda nakiyoyin suka shiga dajin tun asali. A tsakiyar shekarun 1980, gwamnatin Kambodiya da sojojin Biyetnam da ke mara mata baya suka ƙudiri aniyar toshe iyakarsu da Tailan, don hana mayaƙan Khmer Rouge, waɗanda aka hamɓarar da mulkinsu a 1979, da sauran 'yan tawaye kutsowa daga sansanoninsu na tsallake. Shirin da ake kira K5 ke nan. Aka kwashi dubun-dubatar talakawa aikin tilas, aka ba su gatura da adduna, suka sare kurmi suka buɗe wani dogon zirin fili da ya haura kilomita 700. Aka haƙa ramuka, aka kafa shingaye, aka shuka nakiyoyi, a wasu wuraren fiye da 2,000 a tsawon kilomita guda. Da yawa daga cikin masu aikin ba su koma gida ba, zazzaɓin cizon sauro ya gama da su a can. Ka ga ke nan, tun nakiyar farko ba ta shiga ƙasa ba gatari ya riga ya yi wa dajin illa.

Bayan an binne su kuma fa, sun hana sara? A farkon shekarun 1990, lokacin da yankunan Pailin da Samlaut da Anlong Veng suke cike maƙil da nakiyoyi, a daidai wannan lokacin ne Khmer Rouge ke sayar wa kamfanonin Tailan gungumen katako da duwatsun yaƙutu suna ɗaukar nauyin yaƙinsu da kuɗin. Ƙungiyar Global Witness ta bankaɗo wannan ciniki a 1995, ta nuna cewa miliyoyin daloli ne ke shiga hannunsu kowane wata. Manyan motoci na shiga suna fita ɗauke da itatuwan da suka haura shekara ɗari, ba tare da sun taka komai ba, domin wanda ya binne nakiya ya san inda ya bar hanya. Mai bindiga da mai kuɗi ba su taɓa rasa ƙofar shiga kurmi ba.

Wanda nakiya take tarewa shi ne mutumin ƙauye. A Kambodiya daji rumbu ne na biyu ga talaka: can yake tatsar ƙaron itace ya sayar, can yake samun zuma da tohon gora da naman daji da itacen girki da magunguna, musamman da rani idan shinkafa ta ƙare. Kuma in za a faɗi gaskiya, shi ma ɗin ba hana shi take yi ba, haraji take karɓa da jini. Mutane sun san wurin da hatsari, sun ga jan allon nan mai hoton ƙoƙon kai, amma yunwa ta fi allo ƙarfi. Daga 1979 zuwa yau an lissafa kusan mutum 65,000 da nakiyoyi da ragowar makamai suka rutsa da su a ƙasar, kusan 20,000 daga cikinsu sun rasu, dubbai kuma an yanke musu ƙafa ko hannu. A 1996 kaɗai abin ya shafi fiye da mutum 4,000. Yanzu, albarkacin aikin share filaye da wayar da kai, adadin ya sauko ƙasa da 100 a shekara. Duk wanda ya ce a bar nakiya ta yi gadin daji, wannan shi ne albashin da yake son a riƙa biyan mai gadin, kuma ba daga jikinsa za a cira ba.

Ko a inda nakiyoyin suka fi yawa, idan farashi ya kai, sai an shiga. Akwai wani jan katako mai tsada da ake kaiwa ƙasar Sin a yi kujeru da gadajen alfarma da shi. Da ya ƙare a cikin Kambodiya, sai samarin ƙauyukan Oddar Meanchey da Preah Vihear suka koma hawa tsaunukan Dangrek cikin dare, suna ratsa zirin nakiyoyi, su tsallaka Tailan su yanko shi su saɓo a kafaɗa. Wasu nakiya ta tashi da su, wasu masu tsaron iyaka suka harbe su, dillalan da ke aika su kuwa suna gari suna ƙirga riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta taƙaita cinikinsu a 2013, amma kafin nan an riga an yashe shi daga wurare da dama, nakiyoyin kuma na nan kwance a gindin kututturansa.

Sannan ka auna da wani ma'auni. Kambodiya ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na itatuwan da ke rufe da ƙasarta tun daga 2001. Ina aka fi yin asarar? Babban kaso ya faɗa ne a filayen da gwamnati ta bai wa kamfanoni haya don shuka roba da rake da rogo, da kuma dazuka irin su Prey Lang a tsakiyar ƙasar, nesa da zirin K5. Dokar filaye ta 2001 ta yarda a ba kamfani guda har hekta 10,000, kuma an san yadda aka riƙa kewaye wannan iyaka ta hanyar raba sunayen kamfanoni. Chut Wutty, ɗan gwagwarmayar kare daji da aka harbe a Koh Kong a watan Afrilun 2012, masu sare katako yake bibiya. Takarda mai hatimi ta kwantar da kurmin da ya ninka abin da duk masu kwance nakiyar ƙasar suka taɓa sharewa.

Yanzu bari in zo kan namu laifin, domin muna da shi.

Ba yadda za a yi ka nemi nakiya a kurmi ba ka taɓa ciyayi ba. Mai kwance nakiya yana aiki ne a layi mai faɗin mita ɗaya, durƙushe, sanye da rigar kariya da gilashin fuska cikin zafin da ke sa mutum jiri. Kafin ya kai hannu, sai ya zura siririyar sanda a hankali ya laluba ko akwai zaren tarko, domin nakiyoyi irin su POMZ da masu tsalle su fashe a daidai ƙugu da zare ake ɗana su. Sai ya sa almakashin lambu ya yanke ciyawa da ƙananan tsirrai har ƙasa, don na'urar gano ƙarfe ta iya kusantar turɓaya. Idan ta yi ƙara, sai ya tsaya ya tona ta gefe, kaɗan-kaɗan, ba ta sama ba. Sau da yawa abin da zai tarar ƙusa ce, ko kwankon harsashi, ko murfin gwangwani. A ƙasa mai marmara kuwa, irin jar ƙasar nan mai ƙarfe a jikinta, na'urar kan yi ta kuka ba dalili, sai an daidaita ta da ƙasar wurin. Ƙa'idar duniya ta ce idan ba a ƙayyade wani zurfi ba, a tabbatar da tsabtar ƙasa har santimita 13. Ga saiwoyin da suka nannaɗe nakiya cikin shekara talatin, ga suri, ga kurmin gora da ba ya shiguwa.

Wannan aikin hannu, in an yi shi bisa ƙa'ida, raunin da yake yi wa daji mai warkewa ne. Manyan itatuwa ana barin su a tsaye, ana kewaya gindinsu. Abin da aka yanke na ƙasa, damina biyu ko uku ta mayar da shi. Inda ake ɓarna ta gaske shi ne wurin injina. Akwai motar da ke juya sarƙoƙi masu gudumomi a baki tana dukan ƙasa, akwai mai haƙora da ke niƙe ta kamar garma. Suna da sauri, suna kuma ceton rayukan ma'aikata, ba na raina su. Amma a kurmin wurare masu zafi, albarkar ƙasa tana 'yar fatar sama ce, inda ruɓaɓɓen ganye da irin itatuwa da ƙwayoyin halitta suke. Idan inji ya daka wannan fata ya mayar da ita gari a kan gangare, ruwan sama na farko zai kwashe ta ya zuba a rafi, a bar maka tsandauri. Wasu kuma a da sukan cinna wa ciyayi wuta don su huta da yanka, wutar ta ƙwace ta shiga inda ba a nufa ba. Ga fasa nakiya a inda aka same ta, wanda ke barin guba irin ta TNT, sinadarin fashewar da ke cikinta, a turɓaya, ko da yake barin ta ta ruɓe a ƙasa ma yoyon gubar take yi. Ga sansanin ma'aikata da buƙatarsa ta itacen girki, wani lokaci har da farauta. Sai a 2007 aka fitar da ƙa'idar kula da muhalli ta musamman a cikin ƙa'idojin wannan aiki na duniya, aka maye gurbinta da sabuwa a 2017, aka sabunta ta a 2024. Mun makara ƙwarai.

Babban abin da ya rage ɓarna, a ganina, shi ne gano cewa mafi yawan filin da ake tsoro babu komai a cikinsa. Binciken farko da aka kammala a Kambodiya a 2002 ya ɗora zargi a kan fili fiye da murabba'in kilomita 4,000. Da aka koma ana zama da tsofaffin sojoji da mafarauta da makiyaya ana tambayar su dalla-dalla, ina aka yi sansani, ina saniya ta taɓa tashi, ina ake noma shekara biyar lafiya lau, sai aka soke zargi a kan wurare masu yawa ba tare da an yanke ko reshe ba. Kowace hekta da aka wanke da tambaya, hekta ce da inji bai taka ba. Ana kuma amfani da karnuka, da gafiya. E, gafiyar nan tamu ta Afirka. Ƙungiyar APOPO ce ke horar da su a Morogoro ta Tanzaniya, suna shinshino ƙamshin sinadarin su wuce tarkacen ƙarfe, kuma ba su da nauyin da zai tayar da nakiya. Wani daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da ragowar makamai sama da 100 a Kambodiya, har aka ba shi lambar zinariya a 2020. Sai dai su ma sai an rage musu ciyayi kafin su shiga.

Duk wannan ƙaramin lamari ne idan ka kwatanta da abin da ke biyo baya ranar da aka cire jajayen turaku aka miƙa fili. A nan ne makomar kurmi take yankewa, kuma abu biyu ne ke yanke ta: hanya, da kuma wanda ya mallaki ƙasar.

Kafin a kai ma'aikata da motar asibiti bakin fili sai an share hanya, kuma hanyar da ta ɗauki motar asibiti za ta ɗauki motar katako da ta gawayi. Filin da jiya ko kyauta ba mai so, yau ya yi daraja. A Pailin, bayan Ieng Sary, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Khmer Rouge, ya miƙa wuya da mutanensa a 1996, aka rarraba filaye ga tsofaffin mayaƙa, manya suka ɗebi manyan kaso, baƙi marasa gona suka yi ta kwararowa daga wasu larduna. Yawancinsu ba su jira hukuma ba. Tsohon soja zai ɗauki wuƙa da sanda ya tone nakiyoyin da ke gabansa da kansa, ya yi sassabe, ya shuka masara ko waken soya, daga baya rogo, saboda kasuwar Tailan na gab da shi tana saye. Cikin shekaru kaɗan tuddan da ke lulluɓe da kurmi suka zama gonaki. Ka lura da jerin yadda abin ya faru: zaman lafiya ya zo, kasuwa ta buɗe, mutane suka shiga, daji ya faɗi, sannan a wurare da yawa masu kwance nakiya na hukuma suka iso suna bin bayan manoman da suka riga suka zauna a kan hatsari. Wanda ya kalli hoton tauraron ɗan'adam kawai zai ga an share nakiya kuma daji ya ɓace, sai ya ɗora wa na farko alhakin na biyu.

Maganar mallaka kuwa ta fi ciwo. Khmer Rouge sun rushe duk wata takardar mallakar fili a mulkinsu na 1975 zuwa 1979. Dokar 2001 ta ce wanda ya riƙe fili shekara biyar kafin fitowarta zai iya neman takarda. To wanda nakiya ta kore shi daga gonar kakansa fa, da me zai nuna ya riƙe ta? Na taɓa zama da dattawan wani ƙauye ina tambayar su inda suke zargin akwai nakiya, sai na ga suna ta kauce wa maganar wani fili da kowa ya san da shi. Da taro ya watse, wata tsohuwa ta tsaya ta gaya mini ta bakin tafinta cewa sun fi son a bar shi yadda yake. Ta ce yanzu suna lallaɓawa ta gefensa su ɗebi abin da za su ɗiba, amma ranar da aka share shi, wani babba zai zo da takarda da shinge. Wannan magana ta daɗe tana damuna. A lokacin ni ma nasarar aiki da murabba'in mita nake auna ta, da yawan nakiyoyin da aka fasa, kamar yadda masu ba da kuɗi ke so a rubuta musu. Ban taɓa sa layi a rahotona na wanda ya ci filin daga baya ba, kuma wannan kuskurena ne.

Idan aka ƙwace filin da aka share daga hannun talaka, ina zai nufa? Gaba zai ƙara, cikin kurmi, inda ba a share ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: daji ya ƙara faɗuwa, shi kuma ya koma cikin nakiya. Haka ma wanda ya samu takardar amma ya jinginar da ita wurin bankunan ba da ƙananan rance, farashin rogo ya karye, ya sayar da gonar ya biya bashi. Saboda irin wannan ne tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara, daga lardin Battambang na Kambodiya, kafa kwamitocin da ke tsara wane fili za a fara sharewa, tun daga matakin ƙauye har lardi, a rubuta sunan wanda zai amfana da abin da za a yi da filin kafin a fara, a kuma dawo daga baya a duba. Tsarin bai toshe kowace ɓaraka ba, amma inda aka bi shi da gaske an ga bambanci.

Akwai kuma gefen da malaminku bai ambata ba. Nakiya da kanta tana tura mutane sare daji. Idan tsohuwar fadamar shinkafa ko gonar gado tana da nakiya, iyalin ba za su zauna su mutu da yunwa ba, sabon daji za su sassabe, ko su koma ƙona gawayi. Share musu tsohuwar gonar sauke wa kurmi kaya ne. Shi ya sa a kullum shawarata ita ce a fara da gonakin da aka taɓa nomawa da rijiyoyi da makarantu da hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka, a jinkirta buɗe sabuwar hanya zuwa cikin gandun daji har sai masu kula da shi sun shirya.

Kolombiya ta ƙara fito da wannan. Bayan yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC a watan Nuwamban 2016, sare daji ya yi tashin gwauron zabo: daga kimanin hekta 124,000 a 2015 zuwa kusan 179,000 a 2016, sannan kusan 220,000 a 2017, mafi yawa a Caquetá da Meta da Guaviare, bakin kurmin Amazon. A wannan ɗan lokaci ba a kai ga tone wani abin kirki na nakiyoyin ba. Abin da ya sauya shi ne mai iko da wurin. FARC suna buƙatar inuwar kurmi don ɓuya daga jiragen sama, don haka suka ƙayyade wa manoma iya abin da za su sare. Da suka tattara suka fita, gwamnati ba ta maye gurbinsu da wuri ba, sai masu wawurar ƙasa suka shigo suna kwantar da daji suna zuba shanu don su kafa hujjar mallaka. Wasu masana tattalin arziki uku, Mounu Prem da Miguel Purroy da Juan Vargas, sun bi diddigin ayyukan cire nakiya a ƙasar daga 2004 zuwa 2019. Sun gano cewa inda aka yi aikin jinƙai cikakke bayan an daina faɗa, harkokin arziki sun ƙaru, sakamakon jarrabawar yara ma ya inganta. Inda kuwa sojoji suka cire nakiya a yayin farmakinsu suka wuce, can ne aka fi ganin haƙar ma'adinai da sare daji sun biyo baya. Aiki ɗaya ne a ido, amma wanda ya yi shi da dalilin yin sa suka raba sakamakon.

A Angola an gwada ɗaura aikin da kare muhalli tun daga tushe. A 2019 gwamnati ta ware dala miliyan 60 don ƙungiyar HALO Trust ta share filayen nakiya 153 a lardin Kuando Kubango, a ciki da kewayen gandun dajin Mavinga da na Luengue-Luiana, yankin da kogunansa ke shayar da dausayin Okavango da ke Botswana. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ma'aikacin gandun daji ba zai yi sintiri a inda ba zai iya taka ƙasa ba, alhali mafaraucin hauren giwa yana da hanyoyinsa. Yaƙin da ya ƙare a 2002 bai raga wa namun dajin ba, an ci su, an sayar da haure an sayi makamai. Ana fatan giwayen da suka cunkushe a Botswana su samu hanyar komawa. Dabba ma ba ta tsira daga nakiya, Motala, giwar nan da ta rasa ƙafa a 1999 a iyakar Tailan da Myanmar, shaida ce. Amma ko a Angolar, hanyoyin da suka buɗe bayan yaƙi sun kawo 'yan katako da buhunan gawayi a bakin titi. Dalar da aka kashe wa tono tana buƙatar 'yar'uwarta da za a kashe wa tsaro da kuma mazauna wurin.

Kusa da mu, ga Kasamans a kudancin Senegal, inda rikici ya faro tun 1982. Nakiyoyi sun raba mutane da gonakin shinkafa da lambunan yazawa, amma ba su hana a yashe madobiya ana fitar da ita ta Gambiya zuwa Sin ba, itacen nan dai da aka yi wa irin wannan wawaso a Taraba. A watan Janairun 2018 an kashe mutum 14 da suka shiga dajin Bofa-Bayotte neman itace. A 2013 kuma 'yan tawaye sun yi garkuwa da masu kwance nakiya 12, saboda suna ganin aikin ya matso kusa da sansanoninsu.

Game da shawararka ta a bar na cikin kurmi: nakiya ba ta zama inda aka ajiye ta. Ambaliya na tafiya da ita, zaizayar ƙasa na gangaro da ita cikin rafin da yara ke wanka. Mai jikin roba tana iya haura shekara arba'in da ranta. Iyakar daji ma ba ta tsayawa wuri guda, inda yake kurmi yau gona ce gobe. A watan Nuwamban 2010, a lardin Battambang, wata tarakta ɗauke da 'yan ƙwadago da ke dawowa daga gona ta taka tsohuwar nakiyar tankar yaƙi, mutum fiye da goma suka rasu nan take, yawancinsu mata. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Ottawa ta 1997, mai haramta nakiyoyin kashe mutane, kuma sun ɗauki alkawarin share duk nakiyar da ke kashe mutum a ƙasarsu, ba a ware ta cikin daji ba.

Wannan magana za ta iso ƙofarmu, in ma ba ta riga ta iso ba. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da aka san shi da shi yanzu, ko da yake dajin savana ne, ba kurmi irin na Kambodiya ba. Bama-baman haɗin gida da aka binne a hanyoyi da gonakin Borno da Yobe da Adamawa, da Diffa da kewayen Tafkin Chadi, duk wanda taka shi ke tayar da shi nakiya ne a ƙarƙashin waccan yarjejeniya. Waɗanda suke rutsawa da su kuma su ne dai irin na can: masu neman itacen girki, manoma, makiyaya, yara 'yan jari-bola masu tsintar ƙarfe. Ranar da Allah ya kawo cikakken zaman lafiya aka fara share waɗannan wurare gadan-gadan, motocin gawayi da na itace za su biyo sawun masu sharewa, masu neman manyan filaye ma haka, alhali masu gonakin na asali sun shekara goma a sansanonin Maiduguri da Bama da Monguno ba su da ko takarda ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana, kuma a nan ne irin karatunka yake da amfani. Bulamomi da lawanai da tsofaffin da suka san iyakar gonar kowa, suka san burtali da mashayar dabbobi da inda gandun daji ya fara, suna raye yanzu, amma shekaru na tafiya da su. Ka nemi malaminku ku tsara aikin bincike a kan wannan: ku zauna da mutanen ƙauye guda a sansanin da suke, ku zana taswirar garinsu daga bakinsu, gona-gona da sunan mai ita, kuka da tsamiyar da ke nuna iyaka, da yankin da suka saba barin sa daji. Ku sa bulama da wakilan mata da na makiyaya su shaida, ku ba su kwafi, ku kai wani ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye. Masu kwance nakiya idan sun zo, wannan takardar za su fara nema, domin da ita za su san ta inda za su fara da kuma wanda za su miƙa wa fili idan sun gama.